Gashi, Babbaka da Kyafa: Inda Itace Ke Zama Kayan Ƙamshi

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Malam, na karanta yadda ake barin nama cikin hayaƙi awoyi da yawa har ya nuna. Na so in yi wa abokaina bayani, sai na rasa kalmar da zan ɗora. Gashi ne wannan, ko babbaka?"

Ɗan'uwa, ba ko ɗaya ba ne. Hausa ta raba ayyukan nan tun da daɗewa, kuma da nisan nama daga wuta ta raba su. Babbaka ita ce a bar harshen wuta ya lashi abu kai tsaye, kamar yadda ake ƙone gashin kai da ƙafa. Gashi kuwa a kan garwashi ake yinsa, zafi mai ƙarfi, lokaci kaɗan. Saboda wannan kusancin ne ma muke cewa wane ya gasa wa wane aya a hannu, wato ya ɗanɗana masa azaba ba tare da wani shamaki ba. Abin da ka karanta shi ne kyafa nama. A nan nama yana gefe, wuta tana gefe, ɗumi da hayaƙi ne ke kai saƙo tsakaninsu. Masu wannan aiki sukan riƙe zafin murhu tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyas, kuma babban yankin ƙirjin sa yakan haura awa 10 kafin ya yi laushi.

Akwai kuma banda, 'yar'uwar kyafa, amma ita ta fi karkata ga busarwa don ajiya. Kada a haɗa ta da "ban da" ta togaciya, wadda a rubutu ake raba ta gida biyu. Na sha ganin wannan kuskure, kuma yana damuna.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi jan hankalina. Wata baiwar Allah ta ce: "Na ji ana cewa sai an zaɓi makamashi mai kyau. Ashe ba duk itace ɗaya ba ne, tun da duk wuta za su ci?"

Hajiya, kalmar makamashi ce ta ɓatar da ke. Tushenta "kama", abin da wuta za ta kama ta ci, ko kara ne, ko ƙirare, ko gawayi. Mai dafa tukunya makamashi yake nema, domin murfi ya raba abincinsa da hayaƙi. Mai kyafa nama kuwa hayaƙin yake ciyar da mutane. A wurinsa itace ya tashi daga layin makamashi ya koma layin kayan ƙamshi, kusa da citta da kanumfari. Wanda ya gane wannan ba zai jefa kowane gungume a murhu ba.

Ga dalilin. A jikin itace akwai wani sinadari mai suna lignin, shi ke ba shi tauri. Idan zafi ya farfasa shi sai ya saki wasu sinadarai, manyansu guwayakol da siringol, waɗanda su ne ɗanɗano da ƙamshin da hanci ke ganewa a matsayin kyafaffen nama. Itatuwa masu faɗin ganye da nauyin jiki su ne ke ba da wannan da kyau, kuma garwashinsu na daɗewa. Masu siraran ganye kamar allura, irin su fain, cike suke da ƙaro. Suna ci da sauri kamar wutar kara, suna tartsatsi, su bar baƙar kunkunniya mai ɗaci a jikin nama. Hausa tana da kalmar da ta dace da sakamakon: ƙauri. Ƙamshi da ƙauri duk daga wuta suke fitowa, itacen da aka sa ne ke raba su.

Ko a cikin masu kyau ɗin ma akwai hawa-hawa. Itacen tuffa da na ceri hayaƙinsu sassauƙa ne mai ɗan zaƙi, ya dace da kaza da kifi. Oak yana tsakiya, ba ya danne nama, shi ya sa yake tafiya da naman sa. Hikori ya fi shi ƙarfi. Meskit kuwa shi ne mai zafin rai a cikinsu, idan aka daɗe ana tura wa nama hayaƙinsa sai ya yi ɗaci, don haka ya fi kyau a gajeren aiki ko a gauraya shi da mai sanyin hali. Mai son ya kwatanta shi a zuci ya tuna ƙirya, domin dangi ɗaya suke a wurin masana tsirrai, kuma duk biyun suna da garwashi mai zafi. A tsakiyar jihar Teksas ta Amurka oak ake ji da shi, a birnin Memfis hikori, a gaɓar arewa maso yammacin ƙasar kuma da itacen alda ake kyafa kifin salmon. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kowa ya fara ne da itacen da ya tsiro kusa da shi, daga baya ya zama abin alfahari.

Abu guda zan roƙa a riƙe da muhimmanci. Itace daban, katako daban. Katakon da ya sha fenti, ko gam, ko maganin gara, guba yake fitarwa idan ya ƙone. Haka duk tsiron da aka san ruwansa fari mai cutarwa ne, kamar tumfafiya da tinya, a nisanta shi da abinci. Ruɓaɓɓen itace mai fumfuna shi ma ba ya shiga.

Sai wani ɗalibi da ya zo da tambaya mai kaifi: "An ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar yabon ɗanye take yi. To me ya sa masu kyafa nama ke gudunsa?"

Madalla da wannan lura. Karin maganar kan tarbiyya take, cewa yaro tun yana ƙarami ake gyara shi. Abin da ta ɗauka daga ɗanyen itace shi ne laushinsa, kuma laushin nan daga ruwan jikinsa yake. Ruwan da ya sa ya tanƙwaru a hannu shi ne ke hana shi ci a murhu. Sabon sare yakan kai rabin nauyinsa ruwa ne. Ana so ya sauko zuwa wajen kashi 20 cikin 100, kuma hakan yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda bayan an faskara shi an jera a inda iska ke ratsawa. Mai tauri irin oak yakan wuce haka.

Ka sa ɗanyen gungume a wuta ka tsaya ka gani. Za ka ji yana tsuwa, kumfa na fitowa ta bakinsa, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin har idanu su kawo ruwa. Naman da ya sha wannan hayaƙi yakan bar ɗaci da wani dafi-dafi a kan harshe. Busasshe kuwa bakinsa ya tsattsage, ya yi sauƙi a hannu, idan ka gwara biyu sai su yi ƙara ƙwal. Hayaƙinsa siriri ne mai ɗan shuɗi, da ƙyar ido ke kama shi, kuma shi ake nema.

Kalmar ɗanye dama fuska biyu gare ta. Ɗanyen jini yabo ne ga ƙuruciya da kuzari. Ɗanyen aiki da ɗanyen hukunci kuwa suka ne, abin da aka yi kafin lokacinsa. Itacen da bai bushe ba yana cikin rukuni na biyu idan aka zo bakin murhu.

Ɗalibin ya ƙara da tambayar ko "babu hayaƙi sai da wuta" karin maganar Hausa ce. Ni ƙamshin fassara nake ji a jikinta. Inda ake so a ce magana ba ta tashi haka kawai, abin da bakin Bahaushe ya saba furtawa shi ne ruwa ba ya tsami banza.

Ya kuma tambayi asalin kalmar babikyu, wato gasa ko kyafa nama, da ake ji a bakin matasa. Daga barbakowa take, kalmar mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, wadda ke nufin ragar itace da ake kafawa a kan sanduna. Sifaniyawa suka ɗauke ta, ta bayyana a rubutun Gonzalo Fernández de Oviedo a 1526, daga nan ta shiga Turanci. Sunan itacen da ake ɗora nama a kai ne tun farko, kafin ya koma sunan girkin.