Tseren kilomita 21 da atisayen mako biyar kacal

Malam, ka tambaya ko atisayen mako biyar zai ishe ka tseren kilomita 21. Zai iya isa, matuƙar ka cire burin gasa daga ranka, ka haɗa sassarfa da tafiya, kamar yadda na saba yi da asuba a Dandalin Murtala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara gudu da ƙarfi, sannan sabon takalmi, wanda ya taɓa sale mini dunduniya. Natsuwar da ake samu cikin gudu kuwa takan zo mini bayan kilomita bakwai, lokacin da numfashi ya daidaita da taku, tunanin gida da kasuwa ya lafa.

Idan kana da hawan jini ko ciwon ƙirji, ka fara ganin likita.