Amsa: Zuwa kamun kifi ɓata lokaci ne ga Kirista?

Ɗan'uwa, ka ce matarka na mita wai ka bar hidimar coci kana zaman banza a bakin ruwa, har ka fara tunanin ko zunubi ne. Ni dai ban ga laifinsa ba, muddin ba ranar Lahadi kake tsallake sujada ka tafi ba.

Kusan kowace Asabar nakan ɗauki ƙugiya da gwangwanin tana in nufi madatsar ruwan Lamingo da sassafe, sanyin Jos na ratsa ƙashi. Wayar ma a aljihu take, a kashe. Ana wannan jiran ne addu'ar da ta ƙi fitowa duk mako take zuwa da kanta, ba ƙawa, ba dogon Turanci. Wata rana karfasa biyu, wata rana ko ɗaya.

Duba Luka sura 5. Bitrus ya kwana yana jefa taru bai samu komai ba, a cikin gajiyar nan Yesu ya shiga jirginsa. Na Yohanna 21 ya fi taɓa ni: bayan almajiran sun kama kifi 153, sun tarar Ubangiji ya riga ya hura gawayi, kifi na kai, ga gurasa. Sai da suka ci kafin ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa.

Ka dai kiyayi tsofaffin ramukan haƙar kuza, zurfinsu ba wasa ba. Uwargida kuwa, ka tafi da ita sau ɗaya, ku riƙe fulas ɗin shayi.