Kofin da kika gani a hoton

Yaya, saƙonki ya iso, da tambayarki kan kofin da kika gani a hannuna da ko har yanzu ni Bahaushe ne, kuma na san har su Inna an nuna wa hoton. Abin da ke cikin kofina ruwan inabi ne zalla, wanda Jamusawa ke kira Traubensaft, yara ma shi suke sha. Na hannun surukina kuwa giya ce, ba zan ɓoye miki ba. Shekara 11 ke nan ina zaune a bakin kogin Mosel a Jamus, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba.

Mutumin nan manomin inabi ne, gado ya yi. Gonarsa tana kan gangaren dutse, sai ka dafa ƙasa kafin ka hau, ba kamar gonar Baba da ke shimfiɗe kamar tabarma ba. Irin da yake nomawa shi ne Riesling. Idan an rubuta trocken a jikin kwalba, ana nufin sukarin da ya rage kaɗan ne, bai wuce giram 9 a lita ba. Su suna cewa tana da ƙamshin koren tuffa da lemun tsami, da wani ɗanɗano da suke danganta shi da baƙin dutsen da ke ƙarƙashin gonar. Ban musa musu ba, domin na ci ɗanyen inabin a watan Satumba, tsaminsa har haƙori yake kashewa.

Abin da suke haɗa ta da shi ne ya fi ba ni sha'awa: kifin kogi da aka soya da man shanu, ko dankalin Turawa da wani farin tsiro mai suna Spargel, wanda ake daina cirewa ranar 24 ga Yuni. Da ya bayyana min cewa tsamin ne ke yanke maiƙo, sai na tuna zoɓon da Inna ke ajiye mana bayan naman Sallah. Ranar da na gasa musu tsire da yajin ƙuli, ya kurɓa ya girgiza kai, ya ce trocken ba ta jure barkono, ƙara masa zafi take yi, sai dai mai ɗan zaƙi. Ni na zuba ruwan tuffa na ci abina.

Akwai inda muka saɓa. Lokacin girbi kowa a gidan yana shiga gona, ni na ƙi, saboda na san abin da za a yi da inabin. Ya ji zafi ƙwarai, ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu shi da kansa yake ware min kwalaben da ba a bari sun tsimu ba, kuma shi ya gargaɗe ni cewa wadda aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa, ma tana iya ɗauke da ɗan burbushi.

Shi ya sa maganar “ko har yanzu kai Bahaushe ne?” ta tsaya min a rai. Matata tana tuƙa tuwo da garin semolina, ɗiyarmu tana durƙusawa ta gaida baƙo, azumin bazara na sa'a 18 mun yi shi a nan. Amma da muka zo gida bara, a zaure aka riƙa ce wa ɗiyar ’yar Bature, ta zo ta tambaye ni da Hausa ko laifi ta yi. Ki gaida Inna, ki ce mata kukar da ta ba mu ta ƙare, daddawar ce ta rage kaɗan.