Tambaya da Amsa: Ina ruwanmu da ciwon ƙwaƙwalwar maƙwabta?

Tambaya: Salam Malam. Ni fa na gaji da jin wai ƙasashe sun yi taro za su haɗa kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙasar da ba ta gama da nata majinyatan ba, me ya kai ta na maƙwabta? Anya ba yawon cin alawus ba ne kuwa? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Wa'alaikis salam Malama. Zancen alawus kam ba zan musa miki ba, akwai taron da ba a tsinana komai sai hoto. Amma fa ciwon nan ba ya tsayawa a boda a duba masa fasfo. Dubi rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, jama'a suka tsallaka Diffa a Nijar, wasu sansanin Minawao a Kamaru, da firgicinsu da rashin barcinsu suka tafi, kuma wanda yake shan maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali kullum, ya ƙetara ba kati ba magani, kin fi ni sanin yadda ciwon ke dawowa sabo fil. Lebanon ma sai da 'yan gudun hijirar Siriya suka cika ta sannan ta kafa shirinta na ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa a 2014, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNICEF).

Ni inda na ga amfanin abin a horo ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan, shi ya sa a 2008 WHO ta fito da shirin mhGAP, a koya wa nas da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane ciwon damuwa, ya iya kallon mutum ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba. Jami'ar Ibadan ta ja Ghana, Laberiya, Saliyo da Gambiya cikin wani shirin horo mai suna mhLAP. Doka ma ana leƙen ta maƙwabci, Ghana ta yi tata a 2012, Najeriya sai 2023 aka sa hannu a wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wannan jinkiri kam abin kunya ne.

Toh in kin sake jin an yi taro, ki tambaya nas nawa aka horar, wa zai riƙa zagayawa duba aikinsu bayan nan, kuma wa zai sayi magani ranar da masu tallafi suka tattara nasu ya nasu.