Tambaya da amsa: Me ya sa kiɗan Alice Cooper ke sauya kama daga albam zuwa albam?

Tambaya:

Salam Yaya, barka da ƙoƙari. Ni ta waƙar Poison na fara sanin Alice Cooper, ta shige ni sosai sai na shiga neman sauran waƙoƙinsa, amma wallahi na rikice. Na kunna albam ɗin 1969 ko ƙarshensa ban iya kaiwa ba, na 1975 kamar kiɗan fim, na 1980 kuma sai ka rantse wani mutum ne daban. Sannan wani wuri a ce ƙungiya ce, wani wuri a ce mutum ɗaya ne, wanne ne gaskiya? Me ke sa sautin canzawa haka, kuma daga ina ya kamata in fara? Wani abokina ma cewa ya yi matsafa ne.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina, kunnenka bai yaudare ka ba. Duka biyun gaskiya ne, ƙungiya ce da fari, daga baya sunan ya koma na mutum ɗaya, kuma idan ka riƙe wannan to rabin ruɗanin ya kau. Sauran rabin kuma shi ne duk albam ɗin da ka ɗauka ka duba waye furodusa, wato mai tsara sautin a situdiyo, su waye ke riƙe da jita. Kwalliyar baƙin ido da maciji da kayan ban tsoro na kan dandamali kusan ba su canza ba sama da shekara 50, kiɗan ne ke bin mutanen da ke cikin situdiyo a lokacin.

Su biyar ne asali, 'yan Phoenix ta jihar Arizona a Amurka. Vincent Furnier ke waƙa, Glen Buxton da Michael Bruce a jita, Dennis Dunaway a jitar bas, Neal Smith a ganguna. Tun 1964 wasunsu suka fara tare suna 'yan sakandare, sun yi ta sauya suna har zuwa 1968 da suka tsaya a kan Alice Cooper, sunan mace da gangan, don mutum ya zo yana tsammanin wata baiwar Allah mai sanyin murya sai ya tarar da samari biyar masu dogon gashi suna hargitsa wuri. Mawaƙi Frank Zappa ne ya ɗauke su a kamfaninsa Straight a Los Angeles, can suka yi Pretties for You a 1969 da Easy Action a 1970. Wancan na 1969 da ka kasa ƙarasawa, kada ka ga laifin kanka. Kiɗan zamanin ne na gwaje-gwaje, waƙa ta fara nan ta karkata can ta yanke ba sallama, ra'ayi goma cikin minti biyu babu wanda aka bari ya nuna. Akwai basira a ciki amma babu mai tsawatarwa, kuma duka biyun ba su yi kasuwa ba.

Abin da ya fara yi musu suna ma ba kiɗa ba ne, kaza ce. A wani babban wasa a Toronto ta Kanada cikin Satumba 1969, kaza ta tsinci kanta a kan dandamali, Furnier ya ɗauke ta ya cilla sama cikin jama'a yana zaton za ta tashi, 'yan kallo suka yayyaga ta. Sai labari ya bazu cewa wai shi ne ya cire mata kai da haƙori. Ƙarya ce, amma suka ga ƙaryar na jawo musu mutane sai suka bar ta tana yawo. Daga irin wannan aka gina salon da ake kira shock rock, wato rok ɗin da ake haɗa shi da wasan kwaikwayo na razana 'yan kallo.

To a 1970 abubuwa biyu suka faru waɗanda su ne ginshiƙin amsar tambayarka. Na farko sun bar Los Angeles sun koma yankin Detroit, garin da aka haifi Furnier a 1948, garin masana'antar motoci inda jama'a ke son kiɗa mai ƙarfi mai tsauri irin na The Stooges da MC5. Na biyu sun haɗu da wani matashin furodusa ɗan Kanada, Bob Ezrin, lokacin bai wuce shekara 21 ba. Ezrin ya tsare su da atisaye na awanni masu yawa kullum, ya dinga yanke duk wani abin da bai da amfani a waƙa, doguwar sheƙe-aya ta jita ya matse ta zuwa minti uku, ya kuma taimaka wa mawaƙin ya samo wannan murya mai kaushi mai kama da barazana wadda da ka ji ka san shi ne. Love It to Death ya fito a 1971, waƙar I'm Eighteen ta hau har lamba 21 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, daga nan ƙofa ta buɗe.

A ganina daga 1971 zuwa 1973 nan ne zuciyar komai, albam huɗu a jere babu na yarwa. Killer da ya fito ƙarshen 1971 shi na fi so duk cikinsu, kuma ina so ka saurare shi da abin kunne ka bi bas ɗin Dunaway kawai, za ka ji ba rakiya yake yi wa ganga ba, tasa waƙar yake rerawa a ƙarƙashi, shi ke sa ka ji wani ɗar-ɗar ko da ba a faɗi wata kalma mai ban tsoro ba. Michael Bruce kuma shi ne mai kawo amshin da ke maƙalewa a kai, Buxton jitarsa kamar ana yanka ƙarfe da zarto, ba ta da tsabta kuma rashin tsabtar ne daɗinta. Abin da ke min ciwo shi ne hayaniyar kujerar lantarki da igiyar rataya da suke sakawa a wasanninsu ta sa mutane da yawa ba su lura waɗannan samarin gwanayen tsara waƙa ba ne. School's Out na 1972 ya shigo da kayan busa da ɗan salon jaz da irin kiɗan wasannin dandamali na Broadway, waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin ta kai lamba 1 a Birtaniya, lamba 7 a Amurka. Sai Billion Dollar Babies a 1973 wanda ya zama lamba 1 a ƙasashen biyu, sauti mai faɗi mai sheƙi, ka ji kuɗi sun shigo situdiyo. A rangadinsa ne suka kawo na'urar fille kai irin ta Faransa ta da, har wani ɗan majalisar Birtaniya, Leo Abse, ya nemi a hana su wasa a ƙasar.

Amma tun a nan tsagewar ta fara. Lafiyar Buxton ta taɓu, aka fara kiran makaɗan haya su cike gurbinsa a wasu waƙoƙi, ga gajiyar rangadi ba hutu. Muscle of Love na ƙarshen 1973 an yi shi babu Ezrin, sun so su koma rok zalla ba ado da yawa, akwai waƙoƙi masu kyau amma wutar ta ragu, a lamba 10 ya tsaya. Bayan wannan kowa ya kama gabansa. Furnier ya mayar da sunansa Alice Cooper a hukumance ya ci gaba shi kaɗai, uku daga cikin sauran suka kafa wata ƙungiya suka fitar da albam ɗaya a 1977 bai je ko'ina ba.

Na 1975 da ka ce kamar kiɗan fim, Welcome to My Nightmare ke nan, kuma daidai ka ji. Shi ne na farko da ya yi shi kaɗai, Ezrin ya dawo, aka ɗauko Dick Wagner da Steve Hunter waɗanda suka yi wa mawaƙi Lou Reed jita, ƙwararru ne na gaske, aka ƙara goge irin na turawa da piyano da kayan busa, har jarumin finafinan ban tsoro Vincent Price ya yi magana a ciki. Labari ne guda daga farko zuwa ƙarshe, mugun mafarkin wani yaro mai suna Steven. Albam ne mai kyau ƙwarai ba na musu, sai dai ka lura an tashi daga abokai biyar da suka taso tare suna kiɗa a ɗaki ɗaya an koma tauraro ɗaya da ma'aikatansa. Kuma waƙar da ta fi tashe a cikinsa mai sanyi ce, a kan matan da ake cin zarafinsu a gidan aure. Ganin haka sai albam uku da suka biyo baya, na 1976 da 1977 da 1978, kowanne aka tallata shi da waƙa mai taushi, har wasu masoyan farko suka juya baya suna cewa ya zama mawaƙin soyayya.

A nan dole a yi maganar giya, domin ita ma ta taɓa sautin. Shan ya yi masa yawa har a 1977 aka kwantar da shi a wata cibiyar jinya, kuma abin da ya gani a can ne ya zama From the Inside na 1978, wanda suka rubuta da Bernie Taupin, marubucin waƙoƙin Elton John. Kiɗan ya yi santsi da yawa a kunnena amma kalmomin na da nauyi, mutanen da ya zauna da su ne yake ba da labarinsu. Daga nan sai shekarun da suka fi rikita sabon mai sauraro irinka. Flush the Fashion na 1980, Roy Thomas Baker wanda ya yi aiki da Queen da The Cars ne furodusa, gajerun waƙoƙi masu tsalle-tsalle da sautin na'ura, salon da ke tashe a lokacin ne ya bi, shi ya sa ka ji kamar wani ne daban. Uku da suka biyo baya, Special Forces da Zipper Catches Skin da DaDa, daga 1981 zuwa 1983, shi da bakinsa ya sha faɗin cewa da kyar yake tuna yadda aka yi su saboda halin maye da yake ciki. DaDa kuwa ina roƙonka kada ka tsallake shi. Ezrin da Wagner suna ciki, babu wanda ya saya lokacin, ko rangadinsa ba a yi ba, amma duk cikin ayyukansa babu inda tsoron ya zama na gaske kamar nan, domin mutum ne da ke dab da hallaka yake waƙa, ba kwalliya ba ce.

Ya daina sha a 1983, ya ɗan ɓace, ya dawo a 1986 da Constrictor sannan Raise Your Fist and Yell a 1987, da wani ƙaton mai jita Kane Roberts. Kiɗan metal ne, wato rok mai nauyi, mai sauri irin na matasan lokacin, waɗanda da yawansu ma daga gare shi suka koyi shigar ban tsoro. Sai Trash a 1989, inda taka waƙar take. Desmond Child ne ya tsara shi, mutumin da ya rubuta wa Bon Jovi da Aerosmith manyan waƙoƙi, shi ya sa amshin ke da faɗi, muryoyi a jere a baya, komai a goge tas don rediyo da MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi. Poison ta kai lamba 7 a Amurka, lamba 2 a Birtaniya. Kaga ke nan ka shigo gidan ta ƙofar da aka fi yi wa fenti, dole ɗakunan ciki su ba ka mamaki.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita. The Last Temptation na 1994 ya koma ba da labari, a kan jarabawa da zaɓi tsakanin alheri da sharri. Brutal Planet na 2000 da Dragontown na 2001 jita mai nauyi ƙwarai da sautin inji, zamanin su Marilyn Manson da Rob Zombie ne. Daga 2003 sai ya sake juyawa zuwa rok mai sauƙi irin na Detroit, har ya yi albam sukutum don girmama garin a 2021.

Batun tsafi kuwa, ka gaya wa abokinka wasan kwaikwayo ne. Mahaifin mutumin mai wa'azin coci ne, shi ma Kirista ne mai bayyana addininsa a fili, kuma idan ka kalli wasan za ka ga mugun da yake fitowa a matsayinsa kullum shi ake hukuntawa a ƙarshe, a rataye shi ko a fille masa kai. Duk da haka akwai kalmomi da hotuna masu tsauri a wasu waƙoƙin, ba abin kunnawa gaban yara ba ne.

Inda za ka fara, ɗauki Love It to Death, sai Killer, sai Billion Dollar Babies, a jere haka, kowanne ka ba shi kwana biyu. Bayan su ka koma wa na 1975 za ka ji abin da aka samu da abin da aka rasa da kunnenka, sannan DaDa. Glen Buxton ya rasu a 1997, bai ga ranar da aka shigar da ainihin ƙungiyar cikin Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan rok, a 2011 ba. Sauran huɗun kuma sun sake haɗuwa da Ezrin sun fitar da The Revenge of Alice Cooper a Yulin 2025, cikakken albam na farko da suka yi a matsayin ƙungiya tun 1973. Shi ka ajiye a ƙarshe, sai ka riga ka saba da bas ɗin Dunaway da gangar Neal Smith a Killer tukuna, sannan za ka gane su da sun shigo.