Filin Tambaya da Amsa: Haɗa 'Yan Wasa a BuzzerBeater

Tambayoyin wannan makon duk a kan BuzzerBeater suka zo, wato wasan nan na intanet da mutum ke riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando a matsayin manaja: ya sayi 'yan wasa, ya horar da su, ya biya albashi, ya tsara wanda zai shiga fili. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sabuwar ƙungiya aka ba ni, 'yan wasan sun yi yawa, albashinsu kuma yana cin kuɗina duk mako. Mutum nawa ya kamata in bari? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kori kowa, ɗauki biro ka yi lissafin mintuna, domin a kansu ake gina ƙungiya a wannan wasa. Kowane wasa minti 48 ne, gurabe kuma biyar ne a fili (lamba 1 da 2 masu wasa daga waje, lamba 4 da 5 dogayen da ke kusa da kwando, lamba 3 a tsakaninsu), ke nan minti 240 kake rabawa a wasa ɗaya. A mako ana buga uku: biyu na gasar lig, ɗaya na kofi, ko na sada zumunta idan an fitar da kai daga kofin. Jimla minti 720.

Kowane ɗan wasa yana da ma'aunin kuzari da ake sabuntawa mako-mako, kuma abin da ya fi juya shi shi ne yawan mintunan da ya buga. Wanda ya samu tsakanin minti 48 da wajen 75 yakan zauna daram. Wanda aka bari yana ɗumama benci kuzarinsa zai sauka, haka ma wanda aka ɗora wa minti 90 ko 100. To raba 720 ɗin nan gida 12, kowa zai tashi da minti 60. Raba shi gida 10, kowa 72. Wannan ya nuna maka cewa tsakanin mutum 10 da 12 ne adadin da ya dace, kuma dama mutum 12 kaɗai ake rubutawa a jerin kowane wasa. Na goma sha biyar da na goma sha shida albashi kawai suke ci.

Ba duka goma sha biyun ne za su zama masu tsada ba. Biyar na farko su ne za ka kashe wa kuɗi. Sai uku masu canjinsu: ɗaya da zai iya riƙe lamba 1 da lamba 2, ɗaya dogo da zai riƙe lamba 4 da lamba 5, ɗaya kuma na lamba 3 wanda zai iya leƙa ko'ina. Sauran su zama matasan da kake horarwa, da mutum ɗaya ko biyu masu arhar albashi waɗanda aikinsu cike gurbi a wasan sada zumunta. Wajen sallama, fara da wanda ya haura shekara 30 kuma ba ya cikin takwas ɗin farko. Sa shi a kasuwa da farashi kaɗan. Idan kwana uku suka cika babu mai taya, ka sallame shi.

Tambaya: Na sayi matasa biyar 'yan shekara 18 don in horar da su, amma mako huɗu ke nan babu wanda ya ƙaru sosai. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zinder.

Amsa: 'Yar'uwa, kusan tabbas mintunan ne ba su ishe su ba, ko kuma sun buga su a gurbin da ba shi ake horarwa ba. Ƙa'idar ita ce ɗan wasa ya buga minti 48 cikin mako a gurbin da kika zaɓa wa horo kafin ya samu cikakken rabonsa. Idan kin zaɓi horon miƙa ƙwallo na lamba 1 kaɗai, yaron da ya yi minti 48 a lamba 2 bai samu komai ba, ko da ya ci maki talatin.

Ga inda lissafin yake matsewa. Gurbi ɗaya a wasa uku minti 144 ne, wato mutum uku cif, kowa ya buga wasa guda daga farko har ƙarshe. Ke kuma biyar gare ki. Idan kika raba 144 tsakanin biyar, kowa bai kai minti 29 ba, shi ya sa kike ganin tafiyar hawainiya. Hanya biyu ce. Ko ki zaɓi uku mafi kyau ki sayar da biyu, ki ci gaba da horon gurbi ɗaya wanda ya fi sauri. Ko ki koma horon gurbi biyu, wanda ke ɗaukar mutum shida amma kowannensu a hankali yake ƙaruwa. Shawararmu ga ƙaramar ƙungiya ita ce ta farko, domin yaro uku da suka yi fice sun fi shida 'yan tsaka-tsaki daraja a kasuwa da kuma a fili. Akwai nau'o'in horon da dama gurbi biyu suke zuwa, irin su cafe ƙwallon da ta baro kwando, wanda na lamba 4 da 5 ne tare. A makon da kika zaɓi irinsu, minti 48 sun fi sauƙin cika.

Samun minti 48 a wasa ɗaya ma yana da dabara. Ki rubuta sunan yaron a layuka ukun gurbin duka, wato mai farawa, mai canji, da na ajiya. Ki zaɓi umarnin da ke tilasta koci ya bi jerin yadda kika rubuta, sannan ki zaɓi a bar shi a fili ko da ya tara laifi. Duk da haka abu uku na iya ɓata tsarin: ya yi laifi shida a fitar da shi, ya ji rauni, ko kuma tazarar maki ta yi yawa a zango na huɗu, wato na ƙarshe, koci ya zaunar da masu farawa ya shigo da 'yan benci. Maganin na ukun shi ne rage adadin waɗanda kika rubuta a ranar zuwa tara ko ƙasa da haka. Yaron da ya cika yin laifi kuwa, ki ba shi wasan farko na mako, ta yadda idan ya fita da minti 40 akwai sauran wasa biyu da za ki ciko masa takwas ɗin.

Ki kuma duba tsayin yaran. Gajere, mai kamar santimita 183 zuwa 190, ya fi saurin koyon tsaron waje da jifa daga nesa. Dogo mai santimita 208 zuwa sama ya fi saurin koyon aikin ƙarƙashin kwando. Idan kika sa dogon yaro horon tsaron waje zai koya, amma zai ɗauki lokaci fiye da gajere. Mai horarwa ma yana da mataki bakwai. Na mataki huɗu ya isa ƙaramar ƙungiya, na sama da haka albashinsa na iya fin amfanin da zai kawo miki a yanzu.

Tambaya: A kasuwa na ga wani senta, wato mai lamba 5, da ya kai mataki 14 a jifan ciki, tsaron ciki da cafe ƙwallo, kuma farashinsa ƙasa ƙwarai. In saya? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, dubi albashinsa tukuna. Arhar da ka gani tana da dalili. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, albashi kuwa duk mako ne har kaka ta ƙare, kuma kaka mako 14 ce. Ɗauka misali albashinsa 60,000 ne a mako: a kaka ɗaya ka biya 840,000 ban da kuɗin sayensa. Idan abin da ke shigo maka daga tikiti da talabijin da sayar da kayan ƙungiya bai ɗauki wannan ba, sentan nan shi zai jefa ka bashi.

Abin da ya kamata kowane manaja ya gane shi ne yadda wasan ke yanke albashi. Daga ƙwarewar da ta dace da gurbin ɗan wasa ake lissafa shi, kuma yana ninkuwa ne yayin da matakin ke hawa, ba ƙari ɗaya-ɗaya yake yi ba. Ga senta, jifan ciki da tsaron ciki da cafe ƙwallo da tare jifa su ne ke ɗaga albashi. Miƙa ƙwallo, riƙe ta, kutsawa da ita da tsaron waje kusan kyauta suke a jikinsa. Don haka senta mai 12 a manyan ƙwarewarsa uku, da 7 ko 8 a miƙawa da riƙewa, zai fi wancan arhar albashi nesa, kuma ba zai riƙa zubar maka da ƙwallo ba duk lokacin da mutum biyu suka rufe shi. Wanda miƙawarsa 1 ce ko 2, ƙwallo ta shiga hannunsa ta shiga ke nan: ko ya jefa cikin matsi, ko a ƙwace. Haka abin yake ga masu lamba 1 da 2, jifan ciki da tsaron ciki ba su cika ƙara musu albashi ba, amma suna aiki.

Abu biyu kuma. A farkon kowace kaka ake sake lissafin albashi, saboda haka idan mai sayarwa ya horar da shi kakar nan duka, adadin da kake gani tsoho ne, zai tashi. Sannan gwanjon kwana uku yake yi, kuma tayin da aka yi a mintunan ƙarshe yana ƙara wa agogon lokaci. Ka yanke iyakar abin da za ka biya tun kafin lokacin, ka rubuta shi a takarda, don zafin gwanjo ya sha sa mutane biyan ninki.

Tambaya: Me ya fi muhimmanci wajen zaɓen matashi, baiwarsa ko ƙwarewar da yake da ita yanzu? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗalibi, baiwa a wannan wasa rufi ce. Tana gaya maka inda yaro zai kai horo ya daina kama shi da sauri, ba ta sa shi saurin koyo. Yaro mai babbar baiwa da ya fara da 2 da 3 a yawancin ƙwarewarsa zai cinye kaka biyu kafin ya kamo wanda ya fara da 6 da 7. Ƙungiyar da ke ƙananan rukunai ba ta ma iya biyan albashin wanda ya kai ƙololuwar babbar baiwa, don haka mai baiwa matsakaiciya, irin matakin da wasan ke kira star ko allstar, wanda ya fara da ƙwarewa mai kyau kuma tsayinsa ya dace da gurbinsa, shi ya fi maka. Ɗan 18 ya fi ɗan 19 da kaka guda cur ta horo mafi sauri. A zaɓen matasa na ƙarshen kaka zagaye uku ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓa.

Tambaya: 'Yan wasana sun fi na abokan karawata albashi, amma ina ta shan kashi. Na gwada salo iri-iri, babu canji. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, sauya salo kowane mako na daga cikin matsalar. Salo ɗaya ake zaɓa a sayi mutanen da suka dace da shi, sannan a riƙe na biyu don ruɗa abokin karawa. Idan salon kai ƙwallo ƙarƙashin kwando kake so, wanda wasan ke kira Look Inside ko Low Post, dogayenka biyu su iya jifan ciki, na lamba 3 ma ya iya, masu lamba 1 da 2 kuma su kasance gwanayen miƙawa. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: sun sayi dogaye masu tsada, amma babu mai kai musu ƙwallo, sai ka ga lokacin hari ya kusa ƙarewa gajeren da bai iya jifa ba ya wurga ta daga nesa. Buɗe takardar sakamakon wasanka na baya ka ƙirga jifan da kowa ya yi. Idan kana buga salon ciki amma mai lamba 1 ya fi sentanka yawan jifa, miƙawa ce ta yi ƙaranci. Idan kuma salon waje kake so, irin Motion ko Run and Gun, sai lamba 1, 2 da 3 su haɗa iya jifa da nisan jifa, dogayen kuma aikinsu tsaro da cafe ƙwallo.

Ta ɓangaren tsaro, mutum-da-mutum shi ne tushe. Tsarin 2-3, wato mutum biyu a waje, uku kusa da kwando, yana toshe ciki yana ƙara cafe ƙwallo, amma yana buɗe wa masu jifa daga nesa hanya. 3-2 akasin haka yake yi. Ka duba wasannin abokin karawa biyar na baya ka ga salon da ya fi yawan bugawa kafin ka zaɓa. Kada kuma ka yi rowar kuɗi a tsaron waje na masu lamba 1 da 2, domin duk ƙarfin sentanka ba zai hana a zuba maka maki uku-uku ba.

Sauran abu biyu da albashi ba ya nunawa. Na farko kuzari: ɗan wasa mai tsada da kuzarinsa ya faɗi zuwa 6 na iya shan wahala a hannun mai arha da ke kan 9. Idan taurarinka suna buga wasa ukun mako duka, ka cire su daga wasan sada zumunta daga yau. Na biyu karsashin ƙungiya. Kafin kowane wasa akwai zaɓi uku: a sassauta, a yi daidai, ko a yi iya ƙarfi. Sassautawa tana tara karsashi don wasa na gaba, iya ƙarfi kuwa yana zubar da shi ƙasa sosai. Ka duba jadawalinka na wasa 22, ka ware waɗanda ka san za ka ci ko da ka sassauta, da waɗanda ka san ba za ka ci ba ko me ka yi, musamman na waje da manyan ƙungiyoyin rukuninka. A duka biyun ka sassauta. Karsashin da ka tara sai ka kai shi wasannin da ake kunnen doki, irin na gida da ƙungiyar da kuke neman gurbi ɗaya a teburi. Iya ƙarfi ka ajiye shi sai wasan da idan ka faɗi kakar ta ƙare maka.