Ɗan uwa, ni ma an yi min wannan dariyar

Wallahi da na ga tambayarka, cewa abokanka na maka dariya don ka ce Paul Heyman, manajan nan da ke rako ƴan resilin yana magana a madadinsu, ya fi rabin ƴan resilin ɗin amfani, kuma kana neman mu faɗi wanda ya fi a cikin manajoji da masu sharhi, sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Ni har sunan "mai son ɗan rakiya" aka laƙaba min a majalisarmu.

Ka bar su kawai. Wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san idan babu kalangu da kirari jikin ɗan dambe ma ba ya tsimuwa, to haka abin yake a can.

Ni fa Heyman ɗin nan da nake karewa shi ya fi kowa ƙona min rai. WrestleMania 30, babban wasan resilin na shekarar 2014, ranar da Brock Lesnar, wanda Heyman ne manajansa, ya karya tarihin Undertaker na cin wasa 21 a WrestleMania ba a taɓa ka da shi ba, aka koma 21 da 1. Ban kalla da dare ba, na kashe data na ƙi kula kowa don in je gidan kallo in ga maimaici da yamma, na biya kuɗina na samu benci na gaba, sai wani maƙwabcinmu da ya riga ya gani ya zauna a bayana ya ce min a kunne "yau gawarka za ta koma kabari", wato Undertaker da ake wa laƙabi da matacce. Ban yarda ba sai da alƙalin wasa ya ƙirga uku. Ga Heyman ya faɗo cikin ring yana riƙe kai kamar shi ma bai zata ba. Maƙwabcin nan kuwa wata uku cur, ko a layin famfo ya gan ni sai ya gyara murya irin ta Heyman ya fara jero min 21 da 1, har gaban surukaina ya taɓa yi min, kuma har yau ɗari biyar ɗina na wajensa bai biya ba. Allah ya isa dai ban ce ba.

Amma daga baya na gane haushin da Heyman ya cusa min shi ne aikinsa. Ko a 2025 ka ga yadda ya juya wa CM Punk da Roman Reigns baya a dare ɗaya ya bi Seth Rollins.

A masu sharhi kam Jim Ross ne, babu na biyu. Ka nemo wasan Mankind da Undertaker na King of the Ring 1998, ka kalli faɗowar nan daga saman keji ba sauti, sannan ka sake kalla da muryar Jim Ross, ko Turanci ba ka ji tsigar jikinka sai ta tashi. Wannan gwajin za ka yi wa abokan naka, kar ka tsaya musu da baki. Kuma kar ka yarda da gidan kallon da suke rage murya su saka waƙa, ka karɓi kuɗinka ka fita.

Paul Bearer ma, manajan Undertaker, Allah sarki, da ɗan tulun tokarsa da farar fuskar nan, muna yara idan ya fito ƙanina ƙarƙashin kujera yake shigewa. Shi ya kawo Kane a 1997. Bobby Heenan kuwa a kaset ɗin yayana na san shi, yana gefen Andre the Giant a matsayin manajansa. Idan ka samu tsofaffin bidiyonsa ka turo min don Allah, nawa sun tafi da wayar da aka sace min.